Tarihin Malam Ahmad Baitursin (1872-1937), Mai Haruffan Kazakawa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin nahawun Hausa ya san kalmomi irin su aikatau da bayanau da wakilin suna. Muna furta su kamar tare da harshen aka halicce su, alhali kuwa wasu malamai ne suka zauna suka yi gumi kafin a same su. Kowane harshe da ake koyarwa a makaranta yana da irin waɗannan mutane a bayansa. Wannan maƙala za ta kawo tarihin ɗaya daga cikinsu, wani malamin makaranta daga ƙasar Kazakistan da ke tsakiyar Asiya, wanda ya shirya wa mutanensa haruffa da nahawu da jarida, daga baya gwamnatin gurguzu ta Tarayyar Sobiyet ta harbe shi, ta kuma hana a ambaci sunansa har shekara hamsin. Sunansa Ahmad ɗan Baitursin. Rashawa suna rubuta shi Baitursinof.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

Kazakawa Musulmi ne, harshensu ɗan'uwan Turkanci ne. A zamanin da muke magana a kai, mafi yawansu makiyaya ne masu yawo da tumaki da dawaki da raƙuma a wani makeken fili marar itatuwa, wanda faɗinsa ya kusa ninka Nijeriya sau uku. Wanda ya san rayuwar Fulanin Ladduga ta ƙasar Kaciya, ko waɗanda ke saukowa kudancin Kaduna da rani, ya san rabin labarin. Bambancin shi ne abin da ke korar Bakazake daga wuri zuwa wuri ƙanƙara ce da sanyin hunturu mai kashe dabba a tsaye. Ƙasar tana ƙarƙashin Sarkin Rasha tun kafin a haifi Ahmad.

An haife shi a shekarar 1872 a yankin Torgai. Yana da shekara 13, a 1885, rigima ta haɗa gidansu da wani kanar na Rasha mai suna Yakoblef, wanda ke mulkin gundumar. Mahaifinsa ya ɗaga hannu ya doki kanar ɗin, abin da ba a saba gani ba, aka yanke masa hukuncin shekara 15 a Siberiya. Yaron yana gani aka tafi da ubansa. Da wannan tabo ya shiga makarantar Rashanci da Kazakanci ta Torgai a 1886, bayan karatun allo da ya fara a gida, daga nan ya wuce makarantar horon malamai ta birnin Orenbag, ya gama a 1895. Shekara goma sha huɗu da suka biyo baya ya yi su yana koyarwa a makarantun karkara da ƙananan garuruwa.

Siyasa ta same shi a 1905. A wata babbar kasuwar dabbobi da ke ci shekara-shekara kusa da garin Karkarali, shi da wasu 'yan boko suka tsara takardar koke zuwa ga gwamnatin Sarki, mutum fiye da 12,000 suka sa hannu. Sun nemi a daina kwashe makiyayarsu ana raba wa manoman da ake kawowa daga Rasha, a sakar musu mara a harkar addini, a koyar da yaransu da harshensu, a kuma bar su su buga jarida. A 1909 aka kama shi, ya yi wajen wata takwas a kurkukun Semei ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, sannan aka kore shi daga yankin. Ya koma Orenbag da zama a 1910. Korar nan gobarar Titi ta zame masa, domin a Orenbag ya yi mafi girman aikin rayuwarsa.

Aikin haruffa

A nan ya kamata ɗalibin harshe ya tsaya ya duba da kyau. Kazakawa suna rubutu da haruffan Larabci tun da daɗewa, wato suna da nasu ajamin kamar yadda muke da namu, kuma matsalarsu irin tamu ce. Larabci yana da baƙaƙen da bakin Bakazake ba ya furtawa, harshen Kazakanci kuma yana da wasula tara, waɗanda fataha da kisira da rufu'a ba za su iya ɗauka ba. Marubutan lokacin suna cusa kalmomin Tatar da Farisanci da Larabci a rubutunsu har makiyayi ya kasa gane cewa harshensa ne ake karanta masa. Yaro kan yi shekaru yana fama kafin ya iya rubuta wasiƙa.

Malam Ahmad ya bi harshen sauti bayan sauti. Ya ajiye haruffan da Kazakanci ba ya bukata, ya ba wasula cikakkun haruffa a kan layi maimakon alamomin sama da ƙasa. Sai dabarar da ta fi burge masana: a Kazakanci wasulan kalma guda ba sa cakuɗuwa, ko dai duka na gaban baki ne ko duka na baya. Saboda haka bai ƙirƙiri harafi daban ga kowane wasali ba. Ya sa wata 'yar alama guda a farkon kalma, wadda ke gaya wa mai karatu cewa duk wasulan da ke ciki na gaban baki ne. Da haruffa 24 da alamar nan guda ya rufe sautukan harshen. Littafinsa na koyon karatu ya fito a 1912.

Mai karatu zai so ya san cewa a wannan shekara ta 1912 ce Hans Bisha, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubuta Hausa da boko. A wurinmu Bature ne ya zaɓi haruffan, ajami kuma aka bar shi a zaure ba tare da an daidaita masa ƙa'ida guda ba. A wurinsu ɗan gida ne ya ɗauki ajamin ya gyara shi ya kai shi aji. A ganina wannan kaɗai ya isa a sa sunan mutumin nan a kwas ɗin tarihin rubutu.

Bai tsaya nan ba. Daga 1914 ya fara fitar da littattafan nahawu, kuma da yake babu kalmomin fannu a harshen, shi ya ƙirƙiro sunayen da ake kiran suna da sifa da aikatau da sassan jimla, daga saiwoyin Kazakanci tsantsa. Da su yaran Kazakistan ke karatu har yau. A 1926 ya fitar da littafin nazarin adabi na farko a harshen. Kafin duk wannan ya buga tatsuniyoyi arba'in da ya juyo daga Rashanci cikin waƙa a 1909, da kundin waƙoƙinsa a 1911, wanda ya raɗa wa suna Sauro, don yana nufin ya yi ta kuka a kunnen mutanensa har su farka.

Ranar 2 ga Fabrairu 1913, shi da abokansa biyu, Alihan Bokeihan da Mirjaƙib Dulat, suka fara buga jarida mai suna Ƙazaƙ, shi ne edita. Shekara 26 ke nan kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya. Jaridar ta kai ana buga kwafi 8,000, ta fito sau 265 kafin a rufe ta a 1918. Hukuma ta sha cin ta tara, masu karatu kuma su yi karo-karo su biya.

Akwai abu guda da har yau ake muhawara a kansa. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, Sarkin Rasha ya ba da umurnin a ɗebi mazajen tsakiyar Asiya 'yan shekara 19 zuwa 43 don aikin ƙarfi a bayan fagen daga. Ƙasa ta ɗauki wuta. Malam Ahmad da abokansa suka shawarci jama'a kada su yi tawaye, don sun san mai sanda ba ya karawa da mai igwa. Waɗanda suka yi tawayen an murƙushe su da mummunar asarar rayuka. Shawarar tana da hujja, amma daga baya 'yan gurguzu sun riƙe ta a matsayin shaidar cewa shi yaron Sarki ne, mutumin da aka ɗaure ubansa aka kuma ɗaure shi a ƙarƙashin Sarkin.

Zama da Bolshebik

Mulkin Sarki ya faɗi a farkon 1917, jam'iyyar Bolshebik ta Lenin ta ƙwace mulki a ƙarshen shekarar. A tsakanin nan 'yan bokon Kazakawa suka kafa jam'iyyar Alash, a watan Disamba kuma suka shelanta gwamnatin cin gashin kai mai suna Alash Orda, Bokeihan ne shugaba. Da yaƙin basasa ya ɓarke sun fara jingina da abokan gaban Bolshebik, sai suka tarar waɗannan ba su da niyyar ba kowa 'yanci. A 1919 Malam Ahmad ya tafi Mosko ya tattauna da gwamnatin Lenin. Aka yi wa 'yan Alash afuwa, aka yi alkawarin ba Kazakawa jamhuriyarsu a cikin tarayya, aka kuwa kafa ta a 1920. Shi ya zama kwamishinan ilimi na farko. Ya shiga jam'iyyar gurguzu a 1920, aka kore shi daga cikinta a 1921.

Gaskiya ita ce a shekarun farko an yi aiki. An buɗe makarantu, an buga littattafai, an yi yaƙi da jahilci da haruffansa, waɗanda taron malamai ya amince da su a hukumance a 1924. A 1923 har bikin cikarsa shekara hamsin aka yi masa a Orenbag. Sabuwar gwamnati ba ta da isassun masu ilimi cikin Kazakawa, dole ta yi amfani da waɗanda ta tarar. Ta yi amfani da su ne tana jiran ranar da za ta horar da nata.

Alamar farko ta bayyana a kan haruffa. A 1926 aka kira babban taron masana harsunan Turkawa a birnin Baku, inda aka kawo shawarar duk al'ummun Musulmi na tarayyar su bar haruffan Larabci su koma na Latin, wato boko. Malam Ahmad ya tashi ya kare nasa da hujjojin aiki: haruffan sun dace da sautukan harshen, yara suna koyonsu da sauri, an riga an buga littattafai da su, sauyawa kuma zai cinye kuɗi da shekaru. Masu rinjaye suka bi boko. Abin da ke ƙasa ya wuce maganar sauti, domin hukuma tana son raba mutane da duk abin da ke haɗa su da Alƙur'ani da tsofaffin littattafai. A 1929 aka wajabta boko. A 1940 aka sake soke bokon aka kawo haruffan Rashanci. Wanda ya koyi karatu a 1925 sai da ya sake zama jahili sau biyu kafin ya cika shekara talatin.

Yunwa

A 1925 Mosko ta turo wani mutum mai suna Filib Goloshcekin ya shugabanci jam'iyya a Kazakistan. Yana cikin waɗanda suka shirya kisan Sarkin Rasha da iyalinsa a 1918. Da ya duba ƙauyukan makiyaya sai ya yanke cewa juyin juya hali bai iso nan ba, sai an sake yin wani. A 1928 aka ƙwace dukiyar manyan masu garke kimanin 700, aka kore su daga yankunansu. Daga 1929 Stalin ya ba da umurnin a tattara manoma da makiyayan tarayyar duka a gandayen gwamnati. Ga Kazakawa wannan na nufin a daina yawo, a zauna wuri guda, a miƙa dabbobi.

A yi tunanin a ce an tattara duk Fulanin da ke tsakanin Kaciya da Kafanchan da Kagoro an zuba su a fili guda babu rijiya babu ciyawa, an ce kowace ruga ta kawo nama kaza da hatsi kaza a wata, alhali ba su noma, wanda ya kasa kuma a kira shi maƙiyin gwamnati. Abin da ya faru ke nan, sai dai a can akwai hunturun da ruwa ke daskarewa. Wuraren da aka ce a zauna, da yawansu suna ne kawai a takarda. Makiyaya suka riƙa sayar da dabba don su sayi hatsin da za su biya hukuma. Wasu suka yanka garkensu da hannunsu don kada a ƙwace. Waɗanda aka tara a gandu suka mutu saboda rashin abinci da cuta. Dabbobin ƙasar sun kai kimanin miliyan 40 a 1929. Zuwa 1933 abin da ya rage bai wuce miliyan huɗu da rabi ba.

Makiyayin da ba shi da dabba ba shi da nono, ba shi da nama, ba shi da abin hawan da zai gudu. Tsakanin 1930 da 1933 mutum kimanin miliyan ɗaya da rabi suka mutu a Kazakistan, kusan miliyan 1.3 daga cikinsu Kazakawa ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na al'ummar baki ɗaya. Fiye da mutum miliyan suka bar gidajensu, wasu zuwa maƙwabtan jamhuriyoyi, wasu suka tsallaka Sin da Mongoliya da Afganistan, masu gadin iyaka suna harbin waɗanda suka samu. Gawawwaki a bakin hanyoyi da tashoshin jirgin ƙasa, marayu cike da gidajen da babu abin ba su. An fi jin labarin yunwar Yukren ta waɗannan shekaru, amma in aka auna da yawan jama'a babu al'ummar da ta yi asara kamar Kazakawa. Sun koma 'yan tsiraru a ƙasarsu: a ƙidayar 1959 kashi 30 cikin ɗari ne kacal, kuma ba su sake haura rabi ba sai a ƙidayar 1999.

Mutanen da za su iya ɗaga murya an riga an kawar da su kafin yunwar ta fara. Wannan ba haɗuwar sa'a ba ce.

Kurkuku da kisa

A watan Yuni 1929, yana koyarwa a sabuwar kwalejin horon malamai ta Alma-Ata, aka kama Malam Ahmad tare da sauran tsofaffin 'yan Alash, afuwar 1919 ta zama tatsuniya. Aka kai shi kurkukun Butirka a Mosko, aka tuhume shi da shirya tawaye, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa shekara goma, ya ƙare a yankin Arkanjel can arewa mai tsananin sanyi. Matarsa Badrisafa, Barashiya ce da ta musulunta, aka kore ta zuwa Tomsk a Siberiya tare da 'yar da suke riƙo. Miji a wata kusurwa, mata a wata, tsakaninsu tafiyar dubban kilomita.

A 1934 aka sake shi saboda rashin lafiya, bayan Yekaterina Peshkoba, matar marubuci Maksim Gorki ta farko, wadda ke jagorantar wata ƙungiyar taimakon fursunonin siyasa, ta sa baki. Ya dawo Alma-Ata yana da shekara 62, ya tarar da ƙasar da ba ta kama da wadda ya bari. Mutumin da ya rubuta littattafan da aka koyar da malaman garin bai samu aikin kirki ba. Mutane suna tsoron a gan su a ƙofar gidansa, kuma ba za a zarge su ba, domin gaisuwa kaɗai tana iya zama laifi.

Sai 1937 ta zo. A wannan shekara da mai bi mata, 'yan sandan ciki na NKVD suka riƙa samun adadi daga Mosko: yanki kaza a kama mutum kaza, a harbe kaza. Takardun hukumar da kanta sun nuna an harbe mutum fiye da 680,000 a faɗin tarayyar cikin shekara biyun nan. An sake kama Malam Ahmad a 1937, aka harbe shi ranar 8 ga Disamba a Alma-Ata, yana da shekara 65.

Abokan tafiyarsa ba wanda ya kai labari. Marubuci Jusubbek Aimawut an riga an harbe shi tun kafin nan. Mirjaƙib Dulat ya mutu a sansanin gwale-gwale a 1935. Alihan Bokeihan an harbe shi a Mosko a watan Satumba 1937, mawaƙi Magjan Jumabai a 1938. Wutar ba ta tsaya kan 'yan Alash ba. Saken Seifullin, mawaƙin da ya yi yaƙi a ɓangaren Bolshebik tun farko, har ya shugabanci gwamnatin jamhuriyar, shi ma an harbe shi a 1938. Matan irin waɗannan mutane aka tara su a wani sansani na musamman kusa da Akmola, garin da ya zama Astana a yau, laifinsu kawai aure. Muhtar Awezof, wanda ya zama babban marubucin ƙasar, ya tsira ne bayan an ɗaure shi ya fito ya yi tir da abin da ya yi imani da shi a bainar jama'a a 1932. Goloshcekin kansa an harbe shi a 1941, da umurnin gwamnatin da ya yi wa aiki.

Bayan mutuwa

An kwashe littattafansa daga makarantu da ɗakunan karatu. Abin mamaki shi ne ba a iya kwashe kalmominsa ba, saboda babu wasu. Shekara hamsin malamai suna koyar da nahawu da kalmomin da ya ƙirƙira, ɗalibai suna haddacewa, babu mai faɗin inda suka fito. Wanda ya sani ya yi shiru, wanda bai sani ba ya ɗauka haka aka gada. Stalin ya mutu a 1953, aka wanke mutane da yawa a shekarun da suka biyo baya, har da Seifullin, amma aka bar 'yan Alash a cikin baƙin littafi, domin laifinsu kishin al'umma ne. Sai a watan Nuwamba 1988, zamanin Gorbacef, kotu ta bayyana cewa Ahmad Baitursin bai aikata laifin komai ba.

Kazakistan ta samu 'yanci a 1991. Yau cibiyar nazarin harshe ta ƙasar tana ɗauke da sunansa, haka jami'ar Kostanai, gidan da ya zauna a Almati ya zama gidan tarihi, ranar 5 ga Satumba da ake ɗauka ranar haihuwarsa ita ce ranar harsuna, 31 ga Mayu kuma ranar tunawa da waɗanda zalunci da yunwa suka ci. Maganar haruffa dai ba ta mutu ba: a 2017 gwamnati ta sake ba da umurnin a koma boko, aka yi ta gyara jadawalin haruffan ana ɗage ranar farawa. 'Yan'uwanmu masu aikin daidaita rubutun Tyap da Jju da Hyam, waɗanda yaransu ke tashi da Hausa a kasuwar Kafanchan da Turanci a aji, sun san yadda gardamar harafi guda kan ci shekaru ko da babu bindiga a kan teburin.

Haruffan Malam Ahmad kuwa ba su dawo Kazakistan ba. Suna can a yankin Shinjan na ƙasar Sin, inda Kazakawa fiye da miliyan ɗaya ke zaune, cikinsu har da jikokin waɗanda suka tsallaka iyaka da ƙafa a shekarun yunwa. Da su suke rubuta harshensu, daga dama zuwa hagu, da 'yar alamar nan a farkon kalma.